Yadda ake ba majinyaci maganin kurkure baki kafin a fara masa aiki, don rage yaɗuwar bairas

Duk wanda ya taɓa tsayawa gefen kujerar likitan haƙori lokacin da ake kankare wa mutum dattin haƙori da inji ya san irin feshin da ke tashi. Minti biyu uku da kunna injin za ka ga gilashin da ke kare fuskarka ya cika da ɗige-ɗigen ruwa, in ka kalli hasken fitilar nan ta saman kujera kuma sai ka ga wani hazo-hazo yana yawo a ciki. Hazon nan ruwan inji ne haɗe da yawu, wani lokacin har da jini, kuma duk abin da ke bakin majinyacin yana cikinsa. Injin fafe haƙori yana juyawa sama da sau 300,000 a minti ɗaya kuma da ruwa ake sanyaya shi, toh dole ya yi feshi. Manyan ɗigon nan kusa suke faɗuwa, kan riga da kan tire da ƙasa, ƙananan kuwa sai su tsaya a iska su ɗau lokaci, wanda ya shigo ɗakin bayan an gama ma zai iya shaƙa.

Shi ya sa ake ba mutum magani ya kurkure bakinsa kafin a fara, don in feshin ya tashi ya zama ƙwayoyin cutar da ke cikinsa sun ragu. Tun kafin korona ana yin haka saboda bakteriya, korona ce dai ta sa kowa ya dawo kansa da ƙarfi. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu aikin lafiyar baki shawarar su sa majinyaci ya kurkure da haidurojin feroksaid 1% ko fobidon-aidin 0.2% na sakan 20 kafin a duba shi, ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ma ta ba da shawara kusan irin wannan a farkon annobar. A 2021 kuma masu bincike a Amurka suka nuna cewa ƙwayar korona tana kama fatar cikin baki da ma wuraren da yawu ke ɓuɓɓugowa, wato bakin ma waje ne da take hayayyafa.

Abin da maganin ke iya yi, da inda ƙarfinsa ya tsaya

Sai na fara da wannan don in ba a fahimce shi ba sauran matakan za su zama yaudarar kai. Bairas iri biyu ne a wannan maganar. Akwai masu riga ta maiƙo a jikinsu, irin su korona da mura mai zafin nan ta infuluwenza da hafis mai fito da ƙuraje a leɓe, su waɗannan da zarar magani ya yaga rigar shikenan ba za su iya kama kowa ba, ta hanyar da sabulu ke kashe su a hannu kenan. Akwai kuma marasa rigar, irin su adino mai kawo ciwon maƙogwaro da ciwon ido, da noro mai kawo amai da gudawa, da yawancin masu kawo mura ta yau da kullum, waɗannan sun fi taurin kai, yawancin magungunan kurkure baki ba sa yi musu abin kirki.

A ɗakin gwaji sakamakon yana da kyau sosai. A 2020 masu bincike a jami'ar Bochum ta Jamus da jami'ar Cardiff ta Birtaniya sun nuna wasu magungunan suna kashe ƙwayar korona cikin sakan 30. Amma fa bakin mutum daban yake da kwalbar gwaji, yawu yana sirka maganin, kuma ƙwayar tana ci gaba da saukowa daga hanci, tana tasowa daga maƙogwaro da huhu. Kamar shara ce a tsakar gida ranar da ake iska, ka share ya yi fes, an jima kaɗan ƙura ta dawo. Abin da kake samu ɗan lokaci ne da baki ya yi sauƙin ƙwayoyi, a cikin wannan lokacin kake so ka yi aikinka. A 2022 masu bitar binciken lafiya na ƙungiyar Cochrane, da suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, sun ga alamar bakteriya na raguwa a feshin, amma ba su samu gwajin da ya auna ko ma'aikata sun rage kamuwa da cuta saboda kurkurewar ba. Ni dai ra'ayina a yi, don abu ne mai sauƙi, haɗarinsa kaɗan ne in an bi ƙa'ida, amma kar wanda ya sassauta takunkuminsa wai don majinyaci ya kurkure baki.

Mataki na farko: ka fara sanin ko yau ma ya dace a yi aikin

Kafin maganar magani, tambayi mutum ko yana da zazzaɓi, tari, mura, ciwon maƙogwaro, ko ƙuraje sun fito masa a leɓe. In yana da su kuma aikin ba na gaggawa ba ne, a ɗaga zuwa ya warke. Wanke haƙori zai iya jira. Kumburin fuska ko jinin da ya ƙi tsayawa ko ciwon da ya hana barci su ne ba sa jira, su ake yi da cikakkiyar kariya.

Mataki na biyu: tambayoyin da ba a tsallakewa

Nan ne aka fi yin sakaci, a miƙa wa mutum kofi kawai a ce kurkure. Dan Allah a tsaya a yi tambayoyin nan, ba sa cin minti ɗaya.

Ko jikinsa ya taɓa ƙin aidin ko kulohezidin, wato ya shafa ko ya kurkure sai ƙaiƙayi ko kumburi ko numfashi ya sarƙe. Mutane da yawa ba su san sunan ba, sai ka kwatanta, ka ce ruwan nan mai launin ƙasa-ƙasa da ake shafawa kafin tiyata, ko maganin kurkure baki da aka taɓa rubuta masa bayan cire haƙori. In mace ce ka tambaya cikin mutunci ko tana da juna biyu ko tana shayarwa. Ka tambayi ciwon maƙoƙo ko duk wata matsalar tayirod, wato ƙullin nan na gaban wuya da ke kumbura in mutum na da maƙoƙo, ko ana masa magani da aidin mai radiyeshan, ko yana shan litiyam wanda ake ba wasu masu lalurar ƙwaƙwalwa, ko yana da ciwon ƙoda mai tsanani. Duk wanda ya ce e a ɗaya daga cikin waɗannan, kar a ba shi aidin, don jiki yana zuƙar aidin ta fatar baki kuma zai iya taɓa tayirod, har na jaririn da ke ciki ko wanda ke shan nono.

Sai kuma ka duba ko zai ma iya kurkurewa ya tofar. Yaro ɗan ƙasa da shekara 6 ba a ba shi, haɗiyewa zai yi. Haka wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa haɗiya, ko tsohon da ke yawan ƙwarewa in yana shan ruwa, ko wanda hankalinsa bai dawo daidai ba. Su akwai hanyarsu daban, zan zo kanta. Ka leƙa bakin kuma, in akwai gyambo ko bakin a bushe yake ƙamas, ka guji duk mai ɗauke da sinadarin barasa don zafi zai yi masa kuma ya ƙara busar da shi.

Mataki na uku: zaɓen magani

Guda huɗu zuwa biyar ne ake yawan amfani da su, kowanne da halinsa.

Fobidon-aidin, wanda a jikin kwalba za ka ga an rubuta povidone-iodine, aka fi saninsa da sunan Betadine. A maganar bairas shi ne ya fi faɗin aiki, yana taɓa masu riga, yana kuma taɓa da dama daga cikin marasa rigar. Ƙarfin da ake amfani da shi a baki daga 0.2% ne zuwa 1%, da yawa sun fi tsayawa a 0.5%. Matsalarsa ɗanɗano, da launin da yake bari a harshe da tufafi, da kuma jerin mutanen can da na lissafa waɗanda ba a ba su.

CPC, a kwalba cetylpyridinium chloride, yana cikin magungunan kurkure baki da yawa da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, ƙarfinsa daga 0.05% zuwa 0.1%, an fi ganin 0.07%. Shi ma rigar maiƙon yake farkewa. Ba sai an sirka shi ba, ɗanɗanonsa da sauƙi, kuma kusan kowane babba zai iya amfani da shi, shi ya sa in an rasa wanda za a ba mai ciki ko mai ciwon tayirod shi ake fara dubawa. In za a tambaye ni wanne asibiti zai ajiye don amfanin kullum, shi zan ce, sannan a ajiye aidin a gefe don ranar da haɗarin ya fi yawa.

Kulohezidin, a kwalba chlorhexidine, 0.12% ko 0.2%, irin su Corsodyl da Peridex. Wajen bakteriya babu kamarsa, don yana maƙalewa a haƙori da dasashi ya ci gaba da aiki na awanni, har kusan 12. Wajen bairas kuwa sakamakon gwaje-gwajen ya sha bamban, wasu sun ga ya yi, wasu sun ga bai yi wani abin a zo a gani ba. Toh in abin da ke gabanka tiyatar baki ce ko cire haƙori kana son rage bakteriya, shi ne, in kuma bairas ne damuwarka kar ka dogara da shi shi kaɗai. Akwai waɗanda aka haɗa kulohezidin da CPC a kwalba ɗaya tun daga kamfani, wannan ya fi.

Haidurojin feroksaid 1% zuwa 1.5%, mai kumfar nan. Shi aka fi ba da shawara a farkon korona bisa hasashen cewa zai ƙona ƙwayar, daga baya da aka gwada sai aka ga a wannan ƙarfin bai kai aidin da CPC ba. In shi kaɗai ke hannu a yi da shi, amma ba shi ne zaɓin farko ba yanzu.

Sai masu man tsirrai irin Listerine, masu mentol da taimol da yukaliftol. Sun nuna aiki a kan masu riga a ɗakin gwaji, sai dai na asalin yana da sinadarin barasa sama da 20%, yana da zafi a baki, mutane da yawa ba sa iya riƙe shi tsawon lokacin da ake so.

Abu ɗaya, kar ka zuba biyu a kofi ɗaya da tunanin ƙarfi zai ninka. Wasu suna kashe aikin juna, wasu suna yin gudaji. Ɗaya za ka zaɓa.

Mataki na huɗu: sirkawa, in maganin na buƙata

CPC da kulohezidin da Listerine yadda suka zo ake ba da su, ƙara musu ruwa rage musu ƙarfi ne. Aidin da feroksaid ne ke buƙatar lissafi, kuma a nan kuskure ke iya cutar da mutum, don haka a nutsu.

Da farko ka karanta kwalbar aidin ɗin da kyau. Akwai wanda aka yi don kurkure baki, yawanci 1% ne, shi ya fi dacewa. Akwai na shafawa a fata 10% wanda aka narka a ruwa, shi ana iya sirkawa in likita ko mai haɗa magani ya amince. Akwai kuma 7.5% na wanke hannu kafin tiyata, mai kumfa, sabulu ne a cikinsa, wannan ba ya shiga baki ko an sirka. Haka aidin ɗin nan na ɗigawa a ciwo mai raɗaɗi wanda aka narka a sifirit, shi wani abu ne daban kwata-kwata, kar a kusanta shi da bakin kowa.

In 1% ne a hannunka kana son 0.5%, awo ɗaya na magani awo ɗaya na ruwa. In 0.2% kake so, ɗaya na magani huɗu na ruwa. In kuma 10% ne, mil 1 (wato mililita, ml a jikin sirinji) na magani a mil 19 na ruwa zai ba ka mil 20 na 0.5%, mil 1 a mil 9 zai ba ka 1%, mil 1 a mil 49 zai ba ka 0.2%. Feroksaid 3% in ka yi rabi da rabi da ruwa ya koma 1.5%, in ka yi ɗaya na magani biyu na ruwa ya koma 1%. In 6% ne, ɗaya da uku ya ba ka 1.5%. Feroksaid da ba a sirka ba yana ƙona fatar baki ta yi fari-fari.

Da sirinji ake aunawa, kar a yi da ido ko da murfin kwalba. Ruwan ya zama mai tsabta, wanda aka tace na asibiti ko wanda aka tafasa ya huce. Kuma aidin da aka sirka ba ya ajiyuwa, abin da za a yi amfani da shi ranar kawai za a haɗa, a zuba a kwalba mai tsabta mai murfi, a manna takarda a rubuta sunan magani da ƙarfinsa da kwanan wata da sunan wanda ya haɗa, da yamma a zubar da ragowar. In ka ga launinsa ya koɗe ya koma kamar ruwan shayi marar kauri fiye da yadda aka haɗa shi da safe, ƙarfinsa ya tafi. Mafi kyau a rubuta lissafin nan a manna a bango kusa da inda ake haɗawa, don wanda ya karɓi aiki gobe kar ya yi ta kai.

Mataki na biyar: kurkurewar kanta

Kai ka fara shiryawa tukuna, ka wanke hannu, ka sa takunkumi da safar hannu da abin kare ido, don lokacin kurkurewa mutum ya cire nasa takunkumin kuma zai iya tari. Ka ɗaura masa ƙyallen kare ƙirji, musamman in aidin ne. In yana da haƙoran roba na cirewa ya cire. Ka zuba mil 10 zuwa 15 a kofin da ake yarwa bayan amfani, kowa da nasa. Kulohezidin 0.2% mil 10 ne na minti ɗaya, 0.12% kuma mil 15 na sakan 30.

Sai ka yi masa bayani kafin ya kai kofin baki, don in ruwan ya shiga ba zai iya tambaya ba. Wani abu kamar haka: "Baba, wannan magani ne na kashe ƙwayoyin cuta a baki, ba a haɗiyewa. Za ka guntsa duka, ka rufe leɓe, ka yi ta juya shi ta ko'ina har tsakanin haƙora, sai na ce maka ya isa. Bayan nan ka ɗaga kai sama ka kurkure maƙogwaro. Yana da ɗan bauri, ka yi haƙuri." In mace ce babba, "Mama, in kin ji zai ƙware ki ki ɗaga hannu kawai, sai ki tofar." Wannan ɗan bayanin yana sa mutum ya daure.

Lokacin shi ne komai. In ka bar mutum da kansa zai juya ruwan sau uku huɗu ya tofar, sakan 5 ko 6 kenan, maganin bai ma fara aiki ba. Ka duba agogon bango ko ka saita waya. Sakan 30 a cikin baki, kumatu na motsi hagu da dama, sannan sakan 30 a maƙogwaro, kai a sama yana yin garrr a hankali. In ba zai iya 30 a jere a maƙogwaro ba ya raba biyu, ya sauke kai ya numfasa ta hanci ya sake. Ka riƙa faɗa masa saura sakan 20, saura 10, don minti ɗaya da ruwa mai bauri a baki yana da tsawo sosai ga wanda ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya sakan 20 ta ce a wancan lokacin, gwaje-gwajen ɗakin bincike kuma yawanci a kan sakan 30 aka yi su, don haka kar a yi ƙasa da 30, minti ɗaya ya fi kwanciyar hankali.

Lokacin da yake kurkure maƙogwaro ka ɗan ja baya ka tsaya ta gefe, kar ka tsaya a gabansa, shi ma garrr ɗin yana fitar da ɗan feshi. Wanda ka ga yana yunƙurin amai ko tari ya taso masa, a bar maƙogwaron, na baki kawai ya isa.

Mataki na shida: tofarwa

Ya mayar a hankali cikin kofin da ya guntsa da shi, bakinsa dab da kofin, ko ka zuƙe da na'urar zuƙe yawu. Tofawa da ƙarfi a kwanon gefen kujera fantsama yake yi. Ka ba shi tishu ya goge leɓe, kofi da tishu su tafi kwandon sharar asibiti. Kar ya bi da ruwa wai don ya kawar da ɗanɗanon, wanke maganin zai yi.

Mataki na bakwai: a fara aiki nan take

Kar a ba mutum magani a ɗakin jira sannan ya zauna rabin awa yana jiran layi, a kan kujera ake yi, ana gamawa a fara. In aikin mai tsawo ne, sama da awa guda, ana iya maimaitawa a tsakiya lokacin da aka tsaya hutawa, amma aidin kar a yi ta maimaita shi barkatai.

Sauran kariya kuma suna nan yadda suke. Babbar na'urar zuƙa a riƙe ta kusa da bakin injin, ita ce ke kame yawancin feshin tun kafin ya bar bakin, shi ya sa aikin mutum biyu ya fi na mutum ɗaya. Robar nan da ake shimfiɗawa a keɓe haƙorin da ake aiki a kansa, duk inda za ta yiwu a sa, tana raba injin da yawu. Bayan an sa ta ma ana iya goge haƙorin da robar da auduga mai magani. Takunkumin N95 ko FFP2 in aikin mai feshi ne kuma ana zargin cutar numfashi, da abin kare ido, da iska mai shiga tana fita a ɗakin, da goge ko'ina tsakanin majinyaci da majinyaci. In za a iya kankare dattin da kayan hannu a bar injin, ga wanda ake zargi, hakan ya fi.

Waɗanda ba za su iya kurkurewa ba

Ƙaramin yaro, da mai matsalar haɗiya, da wanda ba ya cikin hayyacinsa, goge musu ake yi. Ka jiƙa bandeji mai laushi ko soson goge baki da maganin, ka matse sosai har ya daina ɗiga, ka bi cikin kumatu da dasashi da harshe da ganɗa a hankali, na'urar zuƙa na kusa, kan majinyacin a ɗage ko a karkace gefe. Abin da ake tsoro shi ne ruwa ya gangara huhu. Ga yara ƙanana a guji aidin da duk mai barasa, kuma likitan da ke duba yaron ne zai yanke ko ma akwai buƙatar gogewar.

A sauran sassan asibiti

Ba masu haƙori kaɗai ke aiki a bakin mutum ba. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, masu zura kyamara ta baki zuwa ciki ko zuwa huhu, masu sa bututun numfashi kafin tiyata, duk fuskarsu na dab da ta majinyaci kuma aikinsu na sa tari. Matakan duk ɗaya ne, tambayoyi, zaɓe, awo, minti ɗaya, tofarwa. Bambancin shi ne wanda aka hana ci da sha kafin tiyata sai an jaddada masa kar ya haɗiye, kuma a sanar da mai ba da maganin barci abin da aka ba shi. Wasu likitocin suna ƙarawa da aidin mai rauni a cikin hanci tunda can ne ƙwayar ta fi taruwa, wannan kam hukuncin likitan ne, kuma da ƙarfin da ya rubuta za a yi, don mai ƙarfi yana lalata gashin nan ƙanana masu share hanci. Kulohezidin kuwa kar ya shiga ido ko cikin kunne, yana yi musu illa.

Masu jinya a ɗakin kulawa ta musamman da ke kan na'urar numfashi maganarsu daban ce. An daɗe ana goge musu baki da kulohezidin don hana ciwon huhu, amma a 2022 ƙungiyar masana hana yaɗuwar cuta a asibitoci ta Amurka ta daina ba da shawarar yin haka ga kowa da kowa, ta fi ƙarfafa goge haƙori da buroshi kullum. Toh nas ɗin da ke can ta bi tsarin sashenta, kar ta ɗauki abin da na faɗa kan kujerar haƙori ta kai can.

In jiki ya ƙi maganin

Ɗan zafi-zafi a harshe ko canjin ɗanɗano ba abin tashin hankali ba ne, zai wuce. Wanda ya haɗiye ɗan kaɗan bisa kuskure yawanci ba abin da zai same shi sai ɗan tashin zuciya. Amma in ka ga leɓe ko harshe na kumbura, ƙuraje masu ƙaiƙayi sun feso, murya ta shaƙe, numfashi na fita da ƙara ko jiri ya kwashe shi, a tsayar da komai, ya tofar, a kira taimakon gaggawa, a yi masa allurar adirenalin a tsokar cinya ta waje ba tare da jira ba, babba 0.5 mg ake yi masa. Da wuya hakan ke faruwa amma yana faruwa, har da kulohezidin da mutane ke ɗauka ba ya komai, a 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa. Duk ɗakin da ake ba da waɗannan magungunan ya kamata adirenalin na nan kuma kowa ya san inda yake.

Ma'aikata da masu tambayar ko su yi a gida

Wasu abokan aiki suna kurkurewa su ma kafin aiki da bayan aiki. In da CPC ne babu damuwa. Aidin kullum na tsawon makonni kuwa sai da sanin likita saboda tayirod, kulohezidin kuma in aka daɗe ana yi yana rina haƙora da harshe su yi ƙasa-ƙasa, yana dushe ɗanɗano, shi ya sa na ɗan lokaci ake rubuta shi. Ma'aikacin da ke da mura ko zazzaɓi gida zai zauna, kurkurewa ba ta mayar da shi lafiyayye.

Majinyata kuma za su tambaye ka ko su saya su riƙa yi don kar su kamu. Ka faɗa musu gaskiya, ba rigakafi ba ne kuma ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. In an rubuta wa mutum kulohezidin ya tafi da shi gida, ka tuna masa ya bar aƙalla minti 30 tsakaninsa da goge baki da man goge haƙori, don sinadarin kumfar da ke cikin man yana kashe masa ƙarfi, kuma ya ɗaga kwalbar inda hannun yara ba ya kaiwa.

Kafin majinyaci ya tashi, a rubuta a katinsa wane magani aka ba shi, wane ƙarfi, na tsawon wane lokaci, da ko ya nuna wata alama. In jikinsa ya ƙi, a rubuta da manyan baƙi a gaban katin, a kuma faɗa masa sunan maganin ya riƙe, ko a rubuta masa a takarda ya sa a aljihu, don kulohezidin da aidin suna cikin kayan asibiti da yawa da ba na baki ba, daga ruwan goge fata kafin allura har wasu bututai da bandeji da ake sa wa majinyaci.